Manhajar aro da sakacin rubuta bayani

A ƙarshen kowane wata, asibitocin Tambuwal da Kebbe, kamar sauran na faɗin Najeriya, kan tattara alƙaluman awon ciki da haihuwa da rigakafi su miƙa wa ƙaramar hukuma. A can ne jami'in ƙididdiga ke shigar da su cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa. An fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuwa ƙasashe fiye da 70 sun rungume ta.

DHIS2 kyauta ce, amma ba a samunta a shirye. Tsari ne da kowace ƙasa ke daidaitawa da buƙatunta: sunayen asibitoci, jerin mazaɓu, abin da za a ƙirga da yadda za a lissafa shi. Haka ODK take, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Washington a 2008, ma'aikatan yaƙi da shan inna kuma suka yi ta cike bayanai da ita a wayoyinsu a Arewa.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Littafin jagora da masu manhajar suka rubuta yana bayanin yadda aka gina ta, galibi da Turanci. Ba zai gaya wa sabon ma'aikaci dalilin da ya sa wanda ya gada ya sauya sunan wani asibiti ko ya ƙara wata tambaya a fom ba. Wannan sani a kan mutum ɗaya yake zama. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko kwangilar masu ba da tallafi ta ƙare, sai ya tafi da shi.

Illar ba ƙarama ba ce. Idan aka sauya ma'anar abin da ake ƙirgawa ba a rubuta ba, alƙaluman bana ba za su kwatantu da na bara ba. Idan asibiti ɗaya ya shiga da suna biyu, lissafinsa ya rabu. Da irin waɗannan alƙaluma kuwa ake tsara rabon magani da alluran rigakafi.

Ya kamata hukumomin lafiya su wajabta rubuta kowane gyara: wa ya yi, yaushe, kuma don me. A samar da taƙaitaccen jagora da Hausa, kada kuma a sallami ɗan kwangila sai ya miƙa bayanin aikinsa a rubuce.