Yaro Yana Koyo da Ido

Yau za mu duba yadda halin iyaye yake shiga cikin 'ya'yansu. Hausawa sukan ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makarantar Lahadi takan riƙe yaro awa ɗaya ko biyu a mako. Sauran kwanakin yana tare da mu a gida da gona da kasuwa, yana kallo.

Mu duba gidan Ishaku. Farawa 25:28 ta nuna mana Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu kuwa ta fi son Yakubu. Yakubu ya girma yana ganin wannan bambanci. Da ya zama uba, shi ma ya fifita Yusufu a kan sauran 'ya'yansa, har ya yi masa riga ta musamman. 'Yan'uwan suka ƙi Yusufu, suka sayar da shi. Abin da Yakubu ya gani a gidan ubansa, shi ya kai gidansa.

Nagarta ma haka take bin gida. A 2 Timoti 1:5 Bulus ya tuna cewa bangaskiyar Timoti ta fara zama cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mahaifin Timoti Bahelene ne, amma yaron ya san Littattafai masu tsarki tun yana ƙarami.

To, yaya namu gidajen? Idan mai bin bashi ya zo muka ce wa yaro, “Je ka ce Baba ba ya nan,” mun koya masa ƙarya. Idan muka aike shi sayen burkutu, mun nuna masa hanyar gidan. Idan muna cin naman fasto a hanyar dawowa daga sujada, ba zai girmama ikkilisiya ba. Amma yaron da ya ga uwarsa tana cika mudu daidai, ya ji ubansa yana roƙon gafarar uwarsa, ya ji ana addu'a da yarensu kafin a ci tuwo, ba zai manta ba.

Iyaye, kafin mu ɗauki bulala, mu tambayi kanmu: a ina ya ga wannan? Mu fara gyara daga nan. Ubangiji ya ba mu alheri. Amin.