Hazo, babur da tabarau: darasin da na koya a hanyar Pitoa

Kullum da safe nakan hau babur daga Garuwa zuwa makarantar da nake koyarwa, a hanyar Pitoa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙura kan rufe hanya, ni kuma ba na ganin nesa sai da tabarau na likita.

Bara na cire shi, na sa baƙin gilashin kasuwa saboda ƙura. Wallahi saura ƙiris in auka wa amalanke. Allah ne ya kiyaye.

Mai gwajin ido ya ce min masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai ma haka suke fama. Mafita uku ce: babban gilashin kariya da ake ɗorawa a kan tabarau, ko tabarau na likita mai yin duhu da kansa a rana, ko ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Na ukun dai ba ya shiri da ƙura, yana iya jawo ciwon ido.

Na farkon na zaɓa. 'Yan'uwa masu babur, don Allah kar gudun ƙura ya sa mu tuƙi a makance.