Babi na Bakwai: Duba Lafiyar Matakalar Katako

Matakalar katako ta waje, irin wadda ake kafawa a jikin benen shago ko ɗakin ajiyar hatsi, daga gindi take fara lalacewa. A Haɗejiya da garuruwan fadama irin su Auyo, Guri da Kirikasamma, ƙasa na riƙe danshi tun daga Yuli har bayan Satumba, kuma a shekarar ambaliya kamar 2020 da 2022 ruwa kan kwanta a gindin gini kwana da kwanaki. Katako ya sha ruwa ya kumbura, hunturu ya zo ya tsattsage shi, ƙusa ta yi tsatsa ta saki.

Amma babbar maɓarnaciya gara ce. Ba ta son haske, don haka takan gina siririyar hanyar laka daga ƙasa ta hau, ta shige cikin katako ta cinye cikinsa, ta bar ɓawo sumul. A nan mutane ke ruɗuwa. Sai a ji mai shago yana cewa ai bara aka yi wa matakalar fenti. To, ina ruwan gara da fenti? Ɓoye ɓarnar kawai yake yi. Haka baƙin man mota da kafintoci ke shafawa: a fata yake tsayawa, ba ya ratsa ciki. Magabata da suka zaɓi azarar giginya, musamman namijinta, sun san abin da suke yi, domin gara ba ta cika iya mata ba.

Mai dubawa sai ya durƙusa a gindin matakalar. Ya ƙwanƙwasa da guduma: lafiyayyen katako na amsawa da ƙarfi, cinyayye kuwa ƙarar fanko yake yi. Ya soka tsinin sukudireba. In ya nutse, magana ta ƙare. Sannan ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya duba gansakuka da santsi, ya jijjiga madafar hannu.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ƙaƙƙarfar madafa a matakalar masana'anta, ta ɓangaren da yake buɗe. Amma ko da madafar na nan, matakalar da ƙafarta ke binne cikin ƙasa, ba a ɗora ta kan dutse ko siminti ba, ta faɗi jarrabawa tun kafin a hau ta.