Bashin Karatu: Yadda Ake Ci, Yadda Ake Biya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na wannan mako zai leƙa manyan makarantun Najeriya, domin duba lamarin da ya shafi aljihun duk wani uba mai ɗa a jami'a, wato bashin karatu da gwamnatin tarayya take bai wa ɗalibai. Wa ya cancanta? Yaushe ake biya? Me kuma ya kashe irinsa na baya? Sai ku gyara zama.

(KIƊA)

Dattawan da suka yi jami'a shekaru hamsin da suka wuce suna tuna zamanin da gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi kusan komai, har abinci a farashi mai rahusa. A 1978, ƙarin kwabo 50 kacal a kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. To amma ko a wancan zamani akwai bashin karatu. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bai wa ɗalibai rance a 1972. An ba da kuɗi, ɗalibai sun kammala, sai dai da yawa daga cikinsu ba su waiwayi hukumar ba, ita ma ba ta da hanyar bin sawunsu. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai kai ko'ina ba.

Shekaru talatin bayan haka, maganar ta dawo. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ninka kuɗin rajista. Ranar 12 ga Yuni ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai, wadda Femi Gbajabiamila ya gabatar tun yana majalisar wakilai.

Sai dai dokar farko ta zo da sharuɗɗan da ɗan talaka zai sha wuya kafin ya cika. Dole kuɗin shigar gidansu ya gaza naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ina ɗan manomi daga ƙauye zai samo lauyan da zai tsaya masa? Da suka ta yi yawa, majalisa ta soke dokar ta sake rubuta ta, aka sa mata hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. Aka cire maganar mai tsayawa, aka cire iyakar kuɗin shiga. Asusun bashin da ake kira NELFUND, ƙarƙashin jagorancin Akintunde Sawyerr, ya buɗe shafinsa na intanet ranar 24 ga Mayun 2024.

(KIƊA)

To yaya tsarin yake tafiya? Ɗalibin makarantar gwamnati, ko jami'a ce ko kwalejin fasaha ko ta ilimi, zai shiga shafin da lambarsa ta JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da lambar rajistarsa ta makaranta. Bashin kashi biyu ne. Kuɗin rajista ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, makarantar ake tura wa kai tsaye. Kashi na biyu kuɗin ɗawainiya ne, naira 20,000 a wata, ga wanda ya nema, shi kuwa asusun ɗalibin yake shiga.

Babu kuɗin ruwa a kai. Wannan ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba, kuma jami'o'in arewa irin su ta Maiduguri da ta Bayero a Kano suna sahun gaba wajen yawan masu nema.

Amma fa Bahaushe ya ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa ake fara biya. Mai albashi, wurin aikinsa zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 duk wata. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a wannan takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari. Idan rai ya yi halinsa, doka ta ba da damar a yafe.

Mu yi ɗan lissafi. A ce ɗalibi ya tara bashin naira 700,000, ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000. Naira 7,000 za a riƙa cirewa, wato sai ya haura shekara takwas yana biya. A tsawon wannan lokaci tsadar kaya ta riga ta zaftare darajar kuɗin. Ke nan ko kowa ya biya, abin da zai dawo asusun ba zai kai abin da ya fita ba, shi ya sa dokar 2024 ta ware masa kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara kuɗin shiga ta tarayya ke karɓa. Idan kuma masu digiri suka fito babu aikin yi, babu albashin da za a cire komai daga ciki.

A nan ne ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta kafa hujjarta. Tana ganin tallafin da ba a biya ya fi dacewa da ɗan talaka, tana kuma tsoron kada bashin ya zama dalilin ci gaba da ƙara kuɗin makaranta. Wasu jihohi sun bi hanyar tallafin. A 2023 gwamnatin Kano ta amince da biya wa 'yan jihar kimanin 7,000 da ke Jami'ar Bayero kuɗin rajista. Sai dai kyautar jiha tana bin ƙarfin baitulmali ne da ra'ayin gwamnan da ke kan kujera.

An kuma ji ƙorafi a 2025 cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun yi jinkirin mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kansu.

Saboda haka, ɗalibai 'yan uwa, ku riƙa duba shafinku, ku adana kowace takardar shaidar biya, idan an biya sau biyu ku je ofishin kuɗi ku nemi haƙƙinku. Wanda gidansu ke iya ciyar da shi, ba dole ne ya ƙara wa kansa kuɗin ɗawainiya ba. Iyaye kuma a daina kiran abin rabon gwamnati. Wannan tunani yana cikin abin da ya durƙusar da hukumar 1972, kuma abin da ɗalibin yau ya mayar, da shi za a taimaki ƙannensa masu tasowa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)