Auna Lafiyar Ƙasa da Shuka: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Garin Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, yana tsakanin Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Gonakin jigawa na gero da wake da riɗi rairayi ne wanda ba ya riƙe ruwa, fadamun shinkafa kuwa sun dogara ga ambaliyar kogunan Haɗeja da Jama'are. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta sauya hali, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Saboda haka ƙiyasin ido kaɗai bai isa ba, dole ne a riƙa aunawa.

Abubuwa uku ake bukatar na'urar awon ƙasa ta nuna. Na farko shi ne danshi, domin wanda ya yi shuka bayan yayyafin farko yakan yi hasarar iri. Na biyu shi ne tsami ko kanwar ƙasa, gama idan ɗayansu ya yi yawa, saiwa ba ta cin moriyar taki. Na uku shi ne abincin shuka, wato naitrojin da fosfaras da fotashiyam. Ƙasar jigawa takan rasa na farko da na biyu, abin da ke sa ganyen gero ya yi rawaya, wuta-wuta kuma ta sami wurin zama.

Wajibi ne maƙera irin wannan na'ura su tuna da halin wurin. Ta kasance mai aiki da hasken rana, mai jure zafin bazara da ƙurar hunturu, mai sauƙin kuɗi yadda ƙungiyar manoma za ta iya saye. Bayaninta kuma ya fito da Hausa da Barbarci da Badanci, da murya ko da launi, domin wanda bai yi karatu ba.

Idan za a kai ƙasa awo, sai a ɗebo ta daga wurare da yawa cikin gona, zurfin santimita 20, a gauraya, a shanya a inuwa, sa'an nan a miƙa wa malamin gona kafin damina. A riƙa rubuta sakamakon kowace shekara, domin ta haka ne za a gane ko gona tana farfaɗowa ko tana gajiya.

Na'ura ba ta maye gurbin takin gargajiya da juya shuka da barin itacen gawo a gona. Aikinta shi ne ta nuna inda ciwon yake, don kada kuɗin takin zamani ya tafi a banza.