Mai raba gardamar ƴan kasuwa: ina iyakar ikonsa?

Duk mai son zama alƙalin da ƴan kasuwa ke zaɓa da kansu, ya sani cewa ikonsa daga yarjejeniyarsu yake fitowa. Dokar OHADA ta 1999, wadda aka sabunta a 2017, ita ke aiki a Nijar. Masu hukuncin ɗaya ne ko ukku. In ba a yanka wa'adi ba, wata shidda gare su. Wajibi ne su saurari kowane ɓangare, su kuma bayyana hujjojin hukuncinsu. Ba a ɗaukaka ƙara a kansa, amma idan suka ƙetare abin da aka ɗora musu, kotu tana iya rushe shi, dukiyar mutane ta sake faɗawa cikin rigima.