Kalmar "Provocative": Tsokana Ce Ko Yabo?

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ba a kwana biyu ba a ji ta a bakin shugabannin ƙasashe ko a jaridun Turanci ba, watau "provocative". Siffa ce da akan laƙaba wa magana, ko aiki, ko sutura, idan abin ya motsa zuciyar wanda ya ji ko ya gani har ya kasa yin shiru. Abin da ke wahal da mai fassara shi ne kalmar ba ta faɗin irin motsin da aka yi, ko fushi ne, ko tunani, ko kuwa sha'awa.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, inda "provocare" ke nufin kiran mutum ya fito fili, kamar dai yadda ɗan dambe ke kiran abokin karawarsa. Ta hanyar Faransanci ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 15.

A fagen siyasa zargi ce tsantsa. Ran 22 ga Oktoba 1962, Shugaba Kennedy na Amurka ya yi amfani da ita a jawabinsa game da makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyat ta girke a Kyuba. Haka kuma a watan Satumba na 2000, sa'ad da Ariel Sharon, madugun 'yan hamayyar Isra'ila a lokacin, ya shiga harabar Masallacin Ƙudus cikin rakiyar ɗimbin 'yan sanda, da wannan kalma jaridu da yawa suka siffanta ziyarar, kuma boren Falasɗinawa na biyu ya biyo baya. A irin wannan wuri Bahaushe sai ya ce takala, ko tsokana, ko tonon faɗa.

Amma a wurin masana takan zama yabo. A 1975 Chinua Achebe ya yi lacca a Jami'ar Massachusetts inda ya tuhumi marubuci Joseph Conrad da wariyar launin fata. Masu sharhi da suka kira laccar "provocative" ba duka ke nufin ya nemi faɗa ba; da yawansu suna nufin ya tilasta wa malamai sake nazarin abin da suka daɗe da amincewa da shi. Wanda ya fassara wannan da tsokana ya mai da yabo zagi. Idan kuwa a kan tufafi ko rawa aka faɗe ta, to, ana nufin abin da ke ta da sha'awa ne.

Har ila yau, 'yar'uwarta "provocation" tana da nauyi ƙwarai a gaban shari'a. Bisa sashe na 222 na dokar Final Kod, wadda ta soma aiki a Arewa a 1960, wanda ya yi kisa saboda an tunzura shi tunzurawa mai tsanani, ba zato ba tsammani, har hankalinsa ya gushe, ba a yanke masa hukuncin kisa, muddin ba shi ya nemi a tunzura shi don ya sami hujja ba. Ke nan ran mutum yana iya rataya a kan yadda tafinta ya juya kalma guda.

Abin lura shi ne duk wanda ya kira aikin wani "provocative" cikin rikici, yana neman ɗora masa alhakin abin da zai biyo baya ne, wai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Don haka ya kamata mai karatu, kafin ya gaskata, ya bincika wa ya faɗi kalmar, a kan wa aka faɗe ta, kuma me mai faɗin yake shirin aikatawa.